Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirya Shago Da Sito Kafin Hunturu

Wani ɗalibina da ya tafi ƙaro ilmi ƙasar Kanada ya rubuto mini cewa abin da ya fi ba shi mamaki a watanninsa na farko shi ne yadda masu kantuna suka duƙufa da aiki tun cikin Oktoba, alhali ko ɗigon dusar ƙanƙara bai sauka ba. Wannan yana bisa rufi yana share indararo, wancan yana naɗe bututan ruwa da abin da zai hana su daskarewa, wani kuma yana jibge buhunan gishiri a bakin ƙofa. Ba don son aiki suke yin haka ba. Ruwa idan ya daskare girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, saboda haka bututun da aka bari cike da ruwa zai fashe. Gishiri kuwa yana sa ƙanƙara ta narke a kan sanyin da ruwa zalla zai ci gaba da zama dutse. Bugu da ƙari, a garuruwa da yawa doka ta ɗora wa mai gini share gaban gininsa, in wani ya zame ya karye a nan, to, mai gini zai amsa tambaya a gaban alƙali. Waɗanda suka ɗauka sanyi ba matsalarsu ba ce sun ji a jikinsu: a Fabrairun 2021 sanyi ya afka wa jihar Taksas ta Amurka, wadda aka sani da zafi, bututai suka farfashe, lantarki ya ɗauke kwana da kwanaki, mutane fiye da 200 suka rasu.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu, da ba mu san ƙanƙara ba sai ta cikin firji da wadda kan zubo tare da ruwan farkon damina? Haka ne. To amma mu ma muna da lokacin sanyinmu, kuma a ganina babu wani lokaci a shekara da ɗan kasuwar ƙasar nan ya fi yi wa gurguwar fahimta kamar hunturu. Zan ɗauki misali da ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda na ɗan sani, ko da yake abin da zan faɗa ya shafi kowace kasuwa daga Kamba har Maiduguri.

Ƙasar Bagudo tana daura da inda kogin Neja ke shigowa Nijeriya, ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Kasuwanninta, irin su Lolo da Tsamiya da Illo da Ka'oje, suna rayuwa ne a kan abin da ƙasa da kogi suka bayar da kuma abin da ya ƙetaro iyaka: shinkafa, masara, dawa, wake, gyaɗa, bandar kifi, dabbobi, da kayan masarufi. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar kowa ya koya musu tsoron ruwa, domin ambaliyar 2012 da ta 2020 ba su bar wa kowa shakka ba. Saboda haka za ka ga mai sito yana gyaran rufi a watan Mayu, yana tare bakin ƙofa da buhunan yashi a watan Agusta. Da zarar ruwa ya ɗauke, iskar arewa maso gabas ta fara kaɗawa, sai ya yi ajiyar zuciya, ya ce an tsira. Alhali kuwa a daidai wannan lokaci ne sitonsa ya fi cika. Dukiyar da ke cikin ɗakin a watan Disamba ta ninka wadda ke ciki a watan Agusta sau da yawa, kuma sau da yawa rabinta bashi ne ko amanar wasu. Wato lokacin da abin da za a yi hasara ya fi yawa, a lokacin ne tsaro ya fi rauni.

Bari in fara da danshi, domin nan ne aka fi yi mini gardama. Akan ce da ni, Malam, wane irin danshi kuma cikin hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, wanki ke bushewa kafin a gama shanya? Gaskiya ne cewa laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da tsakar rana. Amma iskar waje daban, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin hatsi a tsakiyar tarin buhu ɗari biyu daban. Ƙwayar hatsi abu ne mai rai. Tana numfashi kamar ni da kai, tana ƙona sukarin da ke cikinta, tana fitar da zafi da ruwa. Idan ta bushe sosai, numfashin kan yi ƙasa ƙwarai har ya zama kamar babu. Idan kuwa an ɗura ta a buhu da sauran ruwa a jikinta, sai numfashin ya ƙaru, zafi ya taru, ruwa ya taru, fumfuna da ƙwari su samu abin da suke so, su ma su ƙara nasu zafin da nasu ruwan. Iskar hunturu za ta busar da buhunan da ke gefe, mai kaya ya taɓa su ya ji ƙalau, alhali tsakiyar tarin tana dahuwa.

Na taɓa shiga sito na wani ɗan'uwa a wannan yanki da sanyin safiya cikin watan Disamba. Na cusa hannu tsakanin buhunan shanshera, na ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Na ɗaga kai, sai ga ɗigon ruwa jere a cikin kwanon rufi. Ya ce da ni ai rufin ne ke yoyo. Na ce da shi, yaushe rabon da a yi ruwa? Abin da ke faruwa shi ne, da rana kwano kan yi zafi, iskar ɗakin ta ɗumama ta kwashi tururin da ke fita daga hatsi. Da dare, musamman gab da asuba, ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, kwanon ya yi sanyi kafin komai, tururin ya taɓa shi ya koma ruwa, ya ɗigo kan buhunan sama. Raɓa ce, amma a cikin ɗaki. Maganinta ba ya wuce tagogin iska biyu a can sama kusa da rufi, ɗaya tana fuskantar ɗaya, a rufe su da ragar waya, da kuma barin sarari tsakanin tarin da rufin. Haka nan daɓen siminti yana tsotso danshi daga ƙasa ya miƙa wa buhun da ke kwance a kansa, shi ya sa dole a shimfiɗa katako, a kuma bar hanyar da mutum zai iya ratsawa tsakanin bango da kaya.

Masu sito a bakin kogi suna da ƙarin dalili. Neja ba sau ɗaya yake cika a shekara ba a wannan sashe. Cikar farko ita ce wadda kowa ya sani, ta ruwan damina, mai laka, wajen Satumba. Ta biyu kuwa ruwan da ya zuba ne a tsaunukan Gini, wanda kan bazu a fadamun tsakiyar ƙasar Mali ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, ya sauke lakarsa a can, sa'an nan ya biyo ta Yamai da Gaya da Malanbil ya iso mana tsakiyar hunturu. Masana ruwa suna kiran ta baƙar ambaliya saboda ruwan garau yake, kuma da ita madatsar Kainji ke samun ruwan rani tun da aka gama ta a 1968. Ba ta cika yin ɓarna irin ta farko ba, amma tana riƙe ƙasar fadama da danshi a lokacin da mutum ke zaton komai ya bushe.

Nawa ne bushewar da ta isa? Ga shinkafa shanshera, ruwan jikinta kada ya wuce kashi 14 cikin ɗari, masara kashi 13, gyaɗa kuwa wajen kashi 7 ko 8. Ba kowa ke da na'urar awo ba, kuma haƙorin tsohon ɗan kasuwa yana da nasa gwaninta, ba na raina shi. Amma akwai gwajin da yaro ma zai iya: a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku, a ƙara busasshen gishiri cokali biyu, a rufe a girgiza, a jira kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai isa shiga buhu ba. Sai dai a kula, shanshera ba ta son a wuce gona da iri. In aka bar ta a rana da iskar hunturu ta bushe ƙayau, sa'an nan raɓar dare ta sauka mata, sai ƙwayar ta tsattsage a cikin ɓawonta, ranar da aka kai ta inji a samu tsaki maimakon shinkafa.

Dalilin da ya sa na daɗe a kan danshi ya wuce maganar riba. Akwai wata fumfuna mai launin kore-kore da ke son masara da gyaɗa, wadda ke fitar da guba da ake kira afalatoksin. An gano ta ne bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin ƙuli-ƙulin gyaɗa da aka shigo da shi daga Barazil. Dafuwa ba ta kashe ta. Kaɗan-kaɗan tana cin hanta har ta kai ga sankara, tana kuma tsumburar da yara, da yawa kuwa tana kisa nan take, kamar yadda ya faru a Kenya a 2004 inda mutum 125 suka rasu sanadin masara. Kuma mun san abin da ake yi da buhun da ya yi fumfuna a kasuwanninmu. Ba a zubarwa. Akan shanya shi, a sheƙe, a gauraya da mai kyau, ko a karya farashi talaka ya saya.

Ƙwaron wake shi ne abokin gaba na biyu, kuma daga gona yake biyo kaya. Macen takan manna ƙwai a jikin ƙwayar wake, tsutsar ta huda ta shiga ta ci ta girma a ciki, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito da fukafukai ta sake sabon zagaye. Sanyin hunturu yana ɗan rage masa sauri, shi ya sa mai kaya ba ya ganin komai a Disamba, sai zafin Maris ya shigo ya buɗe buhu ya tarar da gari. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganin da muka zaɓa. Ana yayyafa wa abinci maganin feshin gona, har ya kai Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015 saboda yawan gubar da aka samu a jikinsa. Su sun hana, mu mun ci gaba da ci. Ana kuma jefa ƙwayar nan mai fitar da iskar guba cikin buhuna a ɗakin da ba a liƙe ba, ɗakin da yaron shago zai shiga ya rufe ƙofa ya kwana saboda sanyi. Wannan iska ba ta bambanta huhun ƙwaro da na mutum. Alhali tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka inganta tare da takwarorinsu na Afirka, ciki har da masu binciken aikin gona na Maraɗi. Hikimarsa ba ta da wuyar ganewa: in an ɗaure shi tamau, ƙwarin za su shanye iskar da ke ciki su mutu da kansu. Sharaɗinsa biyu ne, kayan su bushe, ledar kuma kada ta huje.

Mai huda ta kuwa shi ne ɓera. Da an gama girbi aka fara cinna wa daji wuta, ɓerayen gona sukan yi ƙaura zuwa inda abinci ya koma. A cikinsu akwai wani mai nonuwa da yawa, wanda macensa ke ɗaukar ciki na kwana 23 kawai ta haifi goma ko fiye. Wannan shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa ba tare da ita ta cutar da shi ba, yana zubar da ita cikin fitsari da kashi a kan abinci. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, kuma kowace shekara daga Disamba zuwa Maris ne masu kamuwa suka fi yawa. Jihohin Ondo da Edo da Bauci da Taraba ne ta fi addaba, amma kada mutumin Bagudo ya ce ta yi masa nisa, domin ta ɓulla a arewacin Benin a 2014 da 2016, kuma ɓera ba ya tsayawa a shingen kwastan. Ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta ramin da bai fi kaurin fensir ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu iya magana. A liƙe tsaga da siminti, a buga fallen kwano a gindin ƙofa, a nome ciyawar da ke kewaye da gini, kuma duk wannan kafin kaya su shigo, domin bayan an jibge buhu ba wanda zai sake ganin bango sai an kwashe. Mai sharar tsohon sito ya yayyafa ruwa tukuna, ya kuma rufe hancinsa da bakinsa, kada ya shaƙi ƙurar kashin.

Gobara ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya ga hotunan kasuwar Sabon Gari ta Kano da babbar kasuwar Birnin Kebbi a Maris na 2016, ko babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021. Waɗannan birane ne masu 'yan kwana-kwana, amma duk da haka sai da wuta ta gama abin da za ta yi. Ina ga kasuwar bakin iyaka mai rumfunan zana da kara? A hunturu katako da zana da buhu duk sun saki ruwan jikinsu, iska kuma tana kaɗawa, ƙura ta cika soket, ɓera ya ɓare rigar waya. Sa'an nan ga fetur. Kowa ya san yawan jarkokin da ke kwana a shagunan garuruwan iyaka, ba sai mun yi wa juna ƙarya ba. Mutane suna zaton sanyi yana kwantar da fetur, alhali yana fitar da tururi mai kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Tururin ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa ya kwarara kamar ruwa, ya ratsa ƙarƙashin ƙofa ya tarar da kaskon mai gadi ko murhun mai shayi. Kuma duk wanda ya taɓa ganin tartsatsi na tashi daga bargo cikin duhu a daren hunturu ya ga irin lantarkin da busasshiyar iska ke bari ya taru a jikin roba da leda. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Bokitin yashi a ƙofar kowane shago bai kai kuɗin shayin mako guda ba.

Shi kansa kaskon garwashi yana kisa ko bai kama komai ba. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda jini ke kamawa fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu. Mai barci ba ya farkawa, domin ba ya jin an shaƙe shi. Mai dukiyar da ya ba mai gadinsa bargo mai kauri da wurin jin ɗumi a waje, nesa da kaya, ya yi wa kansa rana.

Na san amsoshin da ake bayarwa. Ta farko ita ce, abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Ba ni da ja a kan wannan, ni ma da shi na yi imani. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci a kashe wuta kafin a kwanta, a rufe ƙorai, har aka ambaci cewa ɓera na iya jan lagwanin fitila ya ƙone gida. Wanda ya bar kasko a ɗakin fetur ya ce tawakkali yake yi, ya koma ya tambayi limaminsa.

Amsa ta biyu ta fi ƙarfi, kuma dole in yarda da rabinta. Ɗan kasuwa zai ce a watan Oktoba duk kobon da ke hannunsa na sayen kaya ne, domin lokacin ne hatsi ke da araha, kuma shagon ma ba nasa ba ne, haya yake yi, don me zai gyara ginin wani? Mai ginin shi ma zai ce ba kayansa ba ne a ciki. Ga kuma rashin tabbas na iyaka: da aka rufe ta a Agustan 2019, kayan da aka ajiye don mako biyu sai da suka yi watanni. Wannan misali a wurina hujja ce ta yin shiri, domin ɗan kasuwar iyaka ba shi ke yanke tsawon zaman kayansa ba. Amma maganar haya gaskiya ce, kuma a nan ne mutanen ƙasashen ƙanƙara suka fi mu. Ba hankali suka fi mu ba. Sun dai rubuta tun farko wanda alhakin kowane aiki ke kansa, mai gini ko ɗan haya, ta yadda ba wanda zai nuna ɗan'uwansa da yatsa bayan ɓarna ta auku. Mu ma muna da shaidu da dattawa a wajen ƙulla haya. Me zai hana a faɗa a gabansu cewa rufi da bango da wayar lantarki na mai gini ne, shara da katako da yashi na mai kaya ne?

Ko an yi haka, shirin mutum ɗaya ba ya isa a kasuwa. Shaguna bango ɗaya suke, ɓeran maƙwabcinka naka ne, wutarsa ma taka ce. Saboda haka shawarata ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na ƙasar Bagudo ita ce su keɓe mako guda a ƙarshen Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, kafin sabon hatsi ya fara shigowa. A cikin makon nan kowane sito a fitar da ragowar bara, a share, a ƙone sharar nesa da kasuwa, a liƙe, a sa mai gyaran lantarki ya bi wayoyi. A yi yaƙin ɓera rana ɗaya a dukkan layuka, domin in an yi shi ɗaiɗai, ƙaura kawai za su yi daga wannan shago zuwa wancan. A fitar da masu fetur gefe guda, a ɓangaren kudu maso yamma, inda iskar hunturu za ta ture wuta daga kasuwa maimakon ta turo ta ciki. A buɗe lungunan da aka toshe da tebura. Shugabannin da ke iya tara kuɗin gadi kowane mako, suna kuma iya hana mutum kasa kaya in bai biya ba, ba za su ce wannan ya fi ƙarfinsu ba.

Mu ma na jami'a akwai namu laifin. Muna da ɗalibai 'yan Bagudo da Ka'oje da Illo waɗanda suka san sunan kowace fumfuna da Latinanci amma ba su taɓa cusa hannu cikin tarin buhun mahaifinsu ba. A bana na ba 'yan ajina aikin hutu: kowa ya nemi sito ɗaya a garinsu, ya yi gwajin kwalba da gishiri a buhu goma, ya shiga da asuba ya duba cikin kwanon rufi, ya ƙirga ramukan ɓera, sa'an nan ya zauna ya gaya wa mai kayan abin da ya gani da harshen da zai gane. Maki ashirin na ɗora a kai.